Yadda Ake Yanke Farashin Motar Gudu Da Ta Yi Kwantai A Wurin Dila A Amurka

A kusan kowane babban wurin sayar da motoci a Amurka, idan ka zagaya can bayan fili inda ba a cika kai masu saye ba, za ka tarar da mota ɗaya ko biyu da shekararsu ta wuce ba a saye su ba. Sau da yawa motar gudu ce mai ƙofa biyu, irin su Mustang GT ko Camaro ko Challenger ko Corvette ko Nissan Z. Sabuwa ce dal, ko ledar kujera ba a cire ba, amma takardarta tana cewa ƙirar bara ce, wani lokacin ma ta bara waccan. Irin waɗannan motoci sun fi saurin yin kwantai domin masu sayensu kaɗan ne. Mai iyali ba za ta ishe shi ba, kuɗin inshorarta yana da nauyi, a jihohin arewa kuma da zarar dusar ƙanƙara ta fara sauka babu mai waiwayarta sai sanyi ya wuce.

Ranar da ka nuna sha'awa, abin da dila zai fara gaya maka shi ne: "Sabuwa ce, babu wanda ya taɓa mallakarta, kuma na rage maka kashi 10 cikin 100 daga farashin da ke jikin gilashi." Maganarsa gaskiya ce, sai dai daga inda ya fara lissafin ne matsalar take. Motar da ta yi kwantai sabuwa ce a inji, amma a kasuwa tsohuwa ce. Ranar da ka fitar da ita daga filin, duk wanda zai yi mata kuɗi, banki ko kamfanin inshora ko dilan da za ka sayar wa nan da shekara uku, shekarar ƙirarta zai duba, ba ranar da ka saya ba. Saboda haka ba daga farashin gilashi ake farawa a yi ƙasa ba. Daga farashin 'yan'uwanta na hannu ake farawa a yi sama. Duk matakan da ke tafe a kan wannan aka gina su.

Da farko, gano shekarunta na gaskiya

Kowace mota da ake sayarwa a Amurka tun 1981 tana da lambar VIN mai harufa da lambobi 17. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ƙirga zuwa ta goma, ita ce ke faɗin shekarar ƙira: K na nufin 2019, L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024, S 2025, T 2026. Daga nan buɗe ƙofar direba, ka duba sitikar da ke manne a jikin ƙofar ko a ginshiƙinta. A nan aka rubuta wata da shekarar da motar ta fito daga masana'anta. Lambobin biyu ba lallai su zo ɗaya ba, domin kamfanoni sun saba fara ƙera motocin shekara mai zuwa tun tsakiyar wannan shekarar. Motar da takarda ta ce ƙirar 2023 ce tana iya yiwuwa tun watan Agustan 2022 aka haɗa ta. Shekarar ƙira ita ke yanke darajarta a kasuwa, ranar haɗawa kuma ita ke gaya maka tsawon lokacin da batir da taya da mai suka yi a tsaye.

Sai ka nemi sanin kwana nawa ta yi a filin wannan dilan. Shafuka irin su CarGurus suna nuna kwanakin da mota ta yi a talla da kuma sau nawa aka rage mata kuɗi. Amma ka lura, dilolin suna musayar motoci a tsakaninsu, kuma idan mota ta koma sabon fili ƙirgen yana iya komawa farko. Idan shafi ya ce kwana 40 amma sitikar ƙofa ta nuna wata 16, sitikar za ka yarda da ita.

Na biyu, har yanzu sabuwa ce a wurin kamfani?

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane cin kuɗin mutane, kuma shi aka fi tsallakewa. Garantin mota ba daga ranar ƙira yake fara aiki ba, daga ranar da aka shigar wa kamfani cewa motar ta fara aiki ne. A ƙa'ida wannan ita ce ranar da mai saye na farko ya karɓe ta, wato kai. Ford da Chevrolet da Toyota suna ba da garantin shekara 3 ko mil 36,000 a kan mota gaba ɗaya, da shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya. Porsche da BMW suna ba da shekara 4 ko mil 50,000. Idan motar ta zauna a fili shekara guda ba a shigar da ita ba, duk waɗannan shekaru naka ne cif.

Sai dai akan samu dila ya shigar da mota a matsayin ta gwaji, ko wadda ake ba wa kwastoma aro idan tasa tana gyara, ko wadda manaja ke hawa. Wasu suna yin haka ne domin adadin cinikinsu na wata ya cika su samu ladan kamfani. Da zarar an yi haka, agogon garanti ya fara tafiya, ko da motar ba ta motsa daga inda take ba. Kai kana ganin mil 30 a agogo, alhali an ci wata 10 daga cikin 36 ɗinka.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Kada ka tambayi mai tallar, ka tafi sashen gyara na wannan wurin ko na wani dilan kamfanin daban, ka ba su lambar VIN, ka ce su buga maka ranar da garanti ya fara a takarda. Idan babu rana, alhamdu lillahi. Idan akwai, ka riƙe takardar, da ita za ka yi ciniki. Sannan ka ce a nuna maka takardar asali ta masana'anta, wadda ake kira MCO ko MSO. Sabuwar mota da wannan takardar take zuwa. Idan kuwa an riga an fitar mata da takardar mallaka ta jiha, ko da da sunan dilan ne, to a doka ta zama ta hannu, kuma rangwamen da kamfani ke yi wa sababbin motoci mai yiwuwa ba zai hau kanta ba. Ka ciri rahoton tarihin motar daga Carfax ko AutoCheck, ka kuma sa lambar VIN a shafin NHTSA, hukumar tarayya mai kula da tsaron motoci, ka ga ko akwai kiran gyara da ba a yi ba, wato kamfani ya ce a dawo da irin motar a gyara wata matsala. Dokar tarayya ta hana dila miƙa sabuwar mota matuƙar akwai irin wannan kira a kanta, kuma akwai motocin da abin da ya zaunar da su ke nan tun farko.

Na uku, me ya sa ita ce ta rage?

Ka tsaya ka kalle ta da idon wanda zai saya daga hannunka nan gaba. Wani lokacin launi ne da bai karɓu ba. Wani lokacin an cika ta da kayan ƙari har kuɗinta ya kusa taɓa na samfurin da ke samanta, kowa ya zo sai ya ce gara in ƙara kaɗan in ɗauki babbar. Wani lokacin kuma akasin haka ne, an bar ta ba kayan da masu irin wannan mota ke nema, kamar babban birki ko salansa mai sauya ƙara. Dalilin da ya hana mutane sayenta yau shi zai hana su gobe, don haka a farashin yau za ka cire shi. Kayan ƙari kuma ba sa riƙe kuɗinsu kamar motar kanta, kada ka biya cikakken kuɗin abin da ba kai ka zaɓa ba.

Abu mafi nauyi a nan shi ne ko sabuwar da ta fito ta bambanta da wannan. Idan bambancin bara da bana bai wuce sabon launi da sabon allon rediyo ba, tazarar farashi ba za ta yi faɗi ba. Idan kuwa an sauya ƙira gaba ɗaya, labari ya sha bamban. Mustang ta 2023 ita ce ta ƙarshe a ƙirar da aka fara a 2015, ta 2024 ta zo da sabon jiki da sabon ciki, duk mai ido zai bambance su daga nesa. Corvette ta fi haka: a watan Yulin 2019 Chevrolet ta bayyana ƙirar C8 mai inji a bayan direba, farashinta na farawa ƙasa da dala 60,000, nan take ragowar C7 masu inji a gaba suka zama tsohon yayi a filayen dilolin, aka riƙa yi musu ragi mai tsoka.

Dila ma ya san wannan tarihin, kuma ya san ɗaya ɓangarensa. Zai ce maka wannan ita ce ta ƙarshe, ba za a sake yin irinta ba, nan gaba tsada za ta yi. Akwai inda hakan ya tabbata. Lexus LFA guda 500 kacal aka ƙera tsakanin 2010 da 2012 a kan kusan dala 375,000, wasu ƙalilan suka zauna a hannun diloli shekaru, daga baya kuɗinsu ya ninka. Dodge Viper an daina ƙera ta a 2017, amma an ci gaba da sayar da sababbinta ɗai-ɗai shekaru bayan nan. C7 ɗin ma ita ce Corvette ta ƙarshe mai giyar hannu, shi ya sa masu giyar hannun suke da masu nema na musamman. To amma ka tambayi kanka guda nawa aka yi. Challenger an rufe ƙera ta a Disambar 2023, Camaro kuma ƙirar 2024 ce ta ƙarshe, sai dai an yi su da yawa ƙwarai, kuma Challenger ta 2023 ta daɗe jibge a filaye bayan an daina yin ta. Motar da aka yi dubbai ba ta zama abin ajiya don kawai an manna mata alamar bankwana. Waɗanda suka sayi mota kafin 2021 suka ga darajarta ta tashi, ƙarancin motoci na wancan lokacin ne ya ɗaga su, kuma ba a gina ciniki a kan fatan hakan ya sake faruwa. Ni a ganina, in ba samfuri ne da kamfani ya ƙayyade adadinsa a fili ba, kada ka ƙara ko dala ɗaya a kan maganar "ta ƙarshe".

Na huɗu, kafa ƙasa da sama

Yanzu aka zo wurin lissafi. Lambobi biyu kake buƙata.

Lambar ƙasa ita ce kuɗin da ake sayar da irin wannan mota ta hannu: shekara ɗaya, inji ɗaya, giya ɗaya, kayan ƙari masu kama da juna, wadda ba ta wuce mil 5,000 ba. Motocin gudu suna da sauƙin samun irin wannan, domin mutane da dama suna saye su hau ranar hutu kawai, bayan shekara su gaji su sayar. Nemo aƙalla biyar a Autotrader da Cars.com da CarGurus. Ka tuna cewa abin da ke shafi kuɗin da ake nema ne, ba wanda aka sallama ba. Don ganin kuɗin da aka biya da gaske, duba gwanjon da aka kammala a Bring a Trailer ko Cars & Bids, inda sakamako yake a fili, ka gwada da ƙiyasin Kelley Blue Book da Edmunds da J.D. Power. Idan kana da aboki mai lasisin dila, roƙe shi ya duba maka rahoton gwanjon Manheim, shi ne abin da dilolin kansu ke kallo.

Lambar sama kuma daga motar bana ake samo ta. Nemi farashin da ake sallama ƙirar bana mai kaya iri ɗaya, bayan an cire duk rangwame, ba wanda ke gilashi ba. Sannan ka shiga Kelley Blue Book ka duba tazarar da ke tsakanin shekaru biyu a jere na wannan samfurin idan mil ɗinsu ɗaya ne. Wannan tazarar ita ce asarar da za ka ɗauka ranar sayarwa saboda takardarka ta girmi ta maƙwabcinka da shekara guda. Cire ta daga farashin motar bana. Abin da ya rage shi ne iyakar da idan ka wuce, gara ka sayi ta bana.

Ga misali da lambobin da na ƙirƙira domin a ga yadda lissafin ke tafiya, ba farashin wata mota ba ne. A ce takardar gilashin motar da ta yi kwantai tana cewa dala 52,000. Ta bana mai irin kayanta tana 54,000 a gilashi, ana sallamawa a 51,500. Tazarar shekara guda a kasuwar hannu 4,000 ce. Ke nan samanka 47,500. Na hannu masu ƙarancin mil ana neman 43,000 zuwa 44,000, ana sallamawa wajen 42,500. Wannan ne ƙasanka. Yanzu ka dubi ragin kashi 10 da dila ya yi maka alkawari: 52,000 a cire 5,200, saura 46,800. Ya yi kama da alheri babba, amma dala 700 kawai ya sauko daga iyakar da sayenta ya daina zama riba, kuma ya fi ta hannu da 4,300.

Farashin adalci yana tsakanin lambobin biyu, kuma abin da ke matsar da shi sama daga ƙasa shi ne abin da wannan motar ta fi ta hannu da shi: cikakken garanti, babu wanda ya taɓa murza ta, da damar rangwamen sabuwar mota. A misalinmu, idan garanti bai fara ba, ƙara 2,500 zuwa 3,000 a kan ƙasa daidai ne, ka isa wajen 45,500. Hanya mai kyau ta auna wannan ƙarin ita ce ka tambayi nawa kamfani ke sayar da ƙarin garanti na shekara ɗaya. Idan kuwa takardar sashen gyara ta nuna garanti ya daɗe da farawa, ko akwai mil ɗaruruwa a agogo, to ƙarin ya narke, ka tsaya kusa da 42,500. Idan motar ta shekara biyu baya ce, lissafin bai canza ba, sai dai tazarar shekara biyu za ka cire, kuma na hannun da za ka gwada da su sun ƙara sauka.

Na biyar, cire kuɗin zama

Mota an yi ta ne don ta yi tafiya, tsayuwa tana lalata ta a hankali. Ka je da rana, da fitilar hannu, in son samu ne da bakanike wanda ba na wurin ba.

Fara da taya. A gefen kowace akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 3122 na nufin mako na 31 na 2022. Kamfanonin mota da dama suna cewa a sauya taya idan ta kai shekara 6 ko da ba ta cinye ba, ke nan abin da ta yi a tsaye an cire shi daga rabonka. Tayar motar gudu roba ce mai laushi da aka yi don zafi, kuma kamfanin GM mai ƙera Chevrolet da kansa ya yi gargaɗi cewa irinta tana iya tsagewa idan sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Motar da ta yi hunturu a waje a Michigan ko Minnesota, ka durƙusa ka haska tsakanin layukan tayar da gefenta ka nemi ƙananan tsaga. Wajen gwaji kuma ka hau babbar hanya. Idan sitiyari na rawa a gudun mil 60, wurin da tayar ta daɗe tana zaune a kai ne ya baje. Sau da yawa yana warwarewa bayan tafiyar mil 15 zuwa 20 idan roba ta ɗumama. Idan bai warware ba, taya huɗu sababbi ke nan, kuma na irin wannan mota ba su da araha.

Leƙa ta cikin ƙafar motar ka ga farantin birki. Jan tsatsa na sama-sama ba komai ba ne, taka birki kaɗan yana share shi. Abin dubawa shi ne tabo mai siffar takalmin birki da ya zauna a farantin, wanda idan ka taka birki a hankali za ka ji feda na bugun ƙafarka. Batir kuwa, idan ya sha mutuwa ana tayar da shi da waya, ya riga ya raunana ko da yau ya tashi da bugu ɗaya, a gwada shi da na'ura a gabanka ko a sauya. Baƙin mai da ya shekara a inji a zubar, man birki da ya kai shekara biyu shi ma haka, domin yana shan danshi ko mota ba ta motsi. Fetur ɗin da ya yi watanni a tanki ya rage ƙarfi, a cika da sabo mai babbar lamba. Buɗe bonet ka duba wayoyi da saman inji ko ɓera ya yi gida. Ɗaga kafet ɗin but da na ƙarƙashin kujeru ka taɓa ko da laima, musamman idan mai buɗaɗɗen rufi ce.

Sai fenti. Kashin tsuntsu da ruwan itace da ya daɗe a rana yana cin saman fenti, ƙanƙarar sama kuma tana barin ƙananan lotsa da ba a gani sai ka kalli rufi da bonet a karkace. Tambayi dila kai tsaye, kuma a rubuce, ko an taɓa yi wa motar gyaran jiki ko fenti. Kada ka ɗauka cewa sabuwa ba a taɓa ta. A shari'ar BMW da Gore da ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 1996, wani likita a Alabama ya gano an sake fentin sabuwar motarsa kafin a sayar masa, kuma ya bayyana cewa tsarin kamfanin a lokacin shi ne ba ya faɗa idan gyaran bai wuce kashi 3 cikin 100 na farashi ba. Har yau mizanin abin da ya wajaba a bayyana ya bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka tambayar da kanka ita ce kariyarka.

Agogon mil yana da ma'ana ta daban a motar gudu. Mil 200 a motar iyali ba komai ba ne. Mil 200 a nan yana iya zama gwajin mutum ashirin, kowa ya tashe ta da sanyin inji ya take ta iya ƙarfinsa, alhali Chevrolet ta ce a lallaɓa Corvette a mil 500 na farko. Idan Porsche ce mai giyar hannu, kwamfutarta tana ajiye tarihin duk lokacin da aka wuce iyakar juyin inji, ka ce a buga maka wannan rahoton.

Rubuta kuɗin kowane abu. A misalinmu, a ce batir 250, mai da man birki 350, sai 45,500 ta koma 44,900. Idan taya ta shiga, a ce 1,600, ta koma 43,300. Ko dila ya yi aikin kafin ka karɓa kuma a rubuta a takardar ciniki, ko ya cire kuɗin. Yawanci ya fi son yin aikin, domin a sashen gyaransa ya fi masa sauƙi, kuma wannan bai cutar da kai ba.

Na shida, san halin da dila ke ciki

Takardar da ke gilashi doka ce ta 1958 ta wajabta ta, ana kiranta da sunan Sanata Mike Monroney na Oklahoma. Tana nuna farashin da kamfani ya ba da shawara, da kuɗin dako, da harajin motoci masu shan mai idan motar ta faɗa cikinsu. Duk wata ƙaramar takarda da aka manna a gefenta mai ƙarin kuɗin goge fenti ko iskar taya ta musamman, ta dila ce, ba ta kamfani ba, ka ce a cire.

Dila ba a wannan farashin ya saya ba. Akwai farashin sari da ke ƙasa da shi, sannan kamfanoni da yawa suna mayar wa dila kashi 2 zuwa 3 cikin 100 daga baya. Akan kuma samu kuɗin da kamfani ke ba dila a ɓoye don ya kwashe ragowar bara. Galibin motocin da ke fili da bashin banki aka ɗauko su, kowane wata ana biyan kuɗin ruwa da inshora a kansu. Halinsa kamar na mai rago ne da Babbar Sallah ta wuce bai sayar ba: kullum sai ya sayi dusa, kuma masu saye sun watse. Ya san idan ya kai ta gwanjo, abin da zai samu bai kai lambar ƙasanka ba. Wannan shi ne ƙarfinka, kuma shi ya sa sayar da irin wannan mota ƙasa da farashin sari ba baƙon abu ba ne.

Abu ɗaya ka kiyaye: rangwamen kamfani a kan tsohuwar ƙira yana da wa'adi. Yakan yi ƙarfi a watannin da sabuwa ta shigo, daga baya kamfani ya janye, ya bar dila da kayansa. Don haka motar da ta shekara biyu ba lallai ta fi ta shekara ɗaya samun tallafin kamfani ba. Duba shafin kamfanin da lambar unguwarka ka ga ko shekarar motar tana cikin jerin. Sau da yawa zaɓi ake bayarwa tsakanin ragin kuɗi a hannu da bashi marar ruwa, ba a haɗa biyun. Wanda ke guje wa riba ya karanta takardar da kyau kafin ya sa hannu, wanda zai biya kuɗi a dunƙule kuma ya tabbatar an cire masa ragin. Hayar mota ta shekara uku kuwa ba ta cika dacewa da ragowar bara ba, domin darajar da ake ƙiyasta mata a ƙarshen haya ta riga ta sauka.

Na bakwai, yi tayi

Yi shi a rubuce, ta imel, zuwa ga manajan ciniki, a makon ƙarshe na wata, in da hali cikin sanyi. Ka sa lambar VIN, ranar da ke sitikar ƙofa, motocin hannu uku zuwa biyar da ka gwada da su, farashin ta bana, da jerin gyaran da ka gani. A misalinmu za ka taya 43,500, kana nufin a daidaita wajen 45,000, ka kuma yanke wa kanka tun a gida cewa ko an yi duk gyaran ba za ka haura 46,000 ba. Nemi jimillar kuɗin fita ƙofa: mota, harajin jiha, rajista da kuɗin takardu, kowanne a layinsa. Kada ka yarda a mayar da maganar zuwa nawa za ka iya biya a wata, kuma idan kana da tsohuwar mota da za ka bayar, a gama wannan cinikin tukuna. Idan ya ce albarka, ka gode masa, ka bar lambar wayarka, ka ce tayin yana nan har ƙarshen wata. Kafin ka sa hannu ka kira kamfanin inshora da lambar VIN, domin idan motar ta yi haɗari a watan farko darajar shekarar ƙirarta za su biya, ba abin da ka biya ba. Mai ɗaukar bashi mai yawa ya tambayi inshorar cike giɓi, wadda ke biyan tazarar da ke tsakanin darajar motar da bashin da ya rage.

Idan niyyarka ka turo ta Legas ko Kwatano ne, akwai ƙarin abu biyu da ke shiga lissafi. Kamfanoni da dama, musamman na motocin alfarma, suna cin tarar dilan da sabuwar motarsa ta bar ƙasar da wuri, shi ya sa ake sa mai saye ya sa hannu cewa ba zai fitar da ita ba na wani lokaci, sau da yawa shekara guda. Ka karanta wannan sharaɗin kafin ka biya. Sannan garantin Amurka galibi ba ya bin mota zuwa Afirka ta Yamma. Tunda garantin shi ne babban abin da ya sa ka ƙara 2,500 zuwa 3,000 a kan farashin ta hannu, wannan ƙarin ya faɗi a wurinka, kuma tayinka ya kamata ya tsaya a lambar ƙasa bayan an cire kuɗin gyara. Idan dila bai sauko nan ba, ta hannu mai mil 4,000 da takardar mallaka mai tsabta ta fi maka, ta kuma fi sauƙin fita ta tashar jirgin ruwa.